Louis Armstrong, 1901-1971: Rayuwar Mawaƙin da Aka Zaɓa Ya Rera Waƙar Fim ɗin Leƙen Asiri

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin Louis Armstrong, mabushi kuma mawaƙi baƙar fata ɗan ƙasar Amurka, tun daga haihuwarsa a 1901 har zuwa mutuwarsa a 1971. An fi mayar da hankali a kan lokuta biyu da wasu suka zaɓe shi domin biyan buƙatarsu. Na farko shi ne rangadin Afirka na 1960, wanda ya kawo shi Kaduna, ya kuma kai shi Kwango a daidai lokacin da 'yan leƙen asiri ke ƙulle-ƙullensu. Na biyu shi ne waƙar da ya rera a 1969 domin fim ɗin James Bond. Maƙalar ta nuna cewa mai zaɓen mawaƙi yakan zaɓi muryarsa da sunansa da kuma halin da yake ciki a lokaci guda, sannan ta kwatanta wannan da dangantakar makaɗin Hausa da ubangidansa.

1.0 Gabatarwa

Nazarin waƙar baka ta Hausa ya daɗe yana kula da tambayar wane ne ubangidan mawaƙi, kuma me ubangidan yake samu daga gare shi. Tun a 1957 M. G. Smith ya nuna cewa roƙo a ƙasar Hausa hanya ce ta tabbatar da daraja da matsayi a tsakanin jama'a. Masana na baya, irin su Sa'idu Muhammad Gusau, sun rarraba makaɗa gwargwadon waɗanda suke yi wa kiɗa: na fada, na jama'a, na sana'a, na maza, da sauransu. Zuwan rediyo da faifai da fim ya haifar da sababbin iyayen gida, wato kamfanoni da gwamnatoci da masu shirya finafinai, waɗanda ba su da fada, amma suna da ikon ɗaga murya guda su kai ta inda ba ta taɓa zuwa ba.

Jerin finafinan James Bond, ɗan leƙen asirin Ingila da marubuci Ian Fleming ya ƙirƙira, na daga cikin wuraren da zaɓen mawaƙi ya zama babban al'amari. Tun daga 1962 da aka fara su, kusan kowane fim yana da waƙarsa, kuma samun wannan aiki kan ɗaukaka mawaƙi a duniya. A cikin duk waɗanda aka zaɓa, Armstrong ne kaɗai za a iya cewa leƙen asiri na gaskiya ya taɓa rayuwarsa shekaru tara kafin na fim, kuma a ƙasar Afirka abin ya faru. Wannan ne ya sa tarihinsa ya cancanci a duba shi a fagen nazarin Hausa.

2.0 Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Louis Armstrong a birnin New Orleans da ke kudancin Amurka ranar 4 ga Agusta, 1901. Shi kansa ya rayu yana ɗaukar cewa ranar 4 ga Yuli, 1900 aka haife shi, sai bayan mutuwarsa aka gano rajistar coci da ta tabbatar da ainihin ranar. Mahaifinsa William ya bar gida tun yana jariri, saboda haka kakarsa Josephine ce ta fara renonsa, daga baya ya koma wurin mahaifiyarsa Mayann a wata unguwar matalauta da ta yi suna wajen tashin hankali. A zamanin, dokokin wariyar launin fata sun raba baƙi da farare a makaranta da jirgin ƙasa da asibiti.

Tun yana ƙarami ya shiga neman abinci. Ya yi wa iyalin Karnofsky aiki, waɗanda Yahudawa ne 'yan ci-rani daga Lituweniya, yana bin amalankensu na gwangwan da gawayi yana busa ɗan ƙahon gwangwani don kiran masu saye. A daren shiga shekarar 1913 ya harba bindiga sama cikin murna, aka kama shi, aka tura shi gidan horar da yara baƙaƙe. A nan ne malamin kiɗa Peter Davis ya koya masa busa ƙahon tagulla na Turawa, dangin begila. Ya fito a 1914 da sana'a a hannu. Abin da ya zo masa a matsayin hukunci shi ya zama mafarin arzikinsa.

3.0 Tashe da Shahara

Babban mabushin New Orleans na lokacin, Joe Oliver, shi ya ɗauke shi kamar ɗa. Armstrong ya yi busa a ƙungiyar Kid Ory, sannan a jiragen ruwan Kogin Misisifi tare da Fate Marable, inda ya ƙware wajen karanta rubutun kiɗa. A 1922 Oliver ya kira shi Chicago, kuma a 1923 aka fara ɗaukar busarsa a faifai. Ya auri Lil Hardin, makaɗiyar fiyano, a 1924, ita ce kuma ta matsa masa ya fita daga inuwar maigidansa. Bayan shekara guda a New York tare da Fletcher Henderson, ya dawo Chicago a 1925 ya fara jerin faya-fayan da suka sauya kiɗan jaz.

Kafin shi, jaz kiɗan taro ne, kowa na busa tare da kowa. Shi ne ya fito da mabushi guda a gaba, yana ƙirƙira nan take, saura suna rufa masa baya, kusan yadda jagora yake gaban 'yan amshi. Ya kuma yaɗa salon rera sautuka marasa ma'ana, inda murya take kwaikwayon ƙaho. Mai nazarin kiɗan Hausa zai ga abin sha'awa a nan: kalangu da kotso suna kwaikwayon maganar mutum, shi kuwa sai ya juya lamarin, ya sa bakin mutum ya kwaikwayi kayan busa. Muryarsa mai kaushi, wadda da farko ba a ɗauke ta muryar waƙa ba, ita ta zama tambarinsa.

A farkon shekarun 1930 ya faɗa rikicin dillalai da 'yan daba masu iko da gidajen rawa, har ya yi zaman gudun tsira a Turai. Da ya dawo a 1935 sai ya miƙa al'amuransa ga Joe Glaser, wani Bature da ya taɓa gudanar da gidan rawa a Chicago, mai alaƙa da manyan 'yan dabar birnin. Glaser ne ya riƙe kuɗi da kwangila da tsarin tafiye-tafiyensa har tsawon shekaru 34. Armstrong ya sha ba da labarin shawarar da aka ba shi tun a New Orleans, cewa baƙar fata ba zai tsira a wannan sana'a ba sai yana da Bature mai tsaya masa. Wannan ubangidantaka ta buɗe masa ƙofofi: a 1936 ya fito a fim tare da Bing Crosby, a 1937 ya zama baƙar fata na farko da ya jagoranci shirin rediyo na ƙasa baki ɗaya wanda kamfani ya ɗauki nauyinsa, a 1949 kuma mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta. Sai dai ta jawo masa suka daga matasan makaɗa baƙaƙe, waɗanda suke ganin yawan murmushinsa a dandamali faranta wa Turawa rai ne. Dizzy Gillespie na cikin masu sukar, ko da yake daga baya ya janye.

4.0 Afirka, Siyasa da 'Yan Leƙen Asiri

A watan Mayu 1956 Armstrong ya fara taka ƙasar Afirka. Ya sauka Ankara, babban birnin Gana, wadda a lokacin ba ta sami 'yancin kai ba, tare da ma'aikatan talabijin na Amurka. Ya yi wasa a gaban Kwame Nkrumah da dubban jama'a. Wannan ziyara ta nuna wa hukumomin Amurka irin farin jinin da yake da shi a nahiyar da suke gasar neman goyon bayanta da Tarayyar Sobiyet.

Shekara guda bayan haka ya nuna cewa murmushin nasa yana da iyaka. A watan Satumba 1957 gwamnan jihar Arkansas, Orval Faubus, ya sa dakaru suka hana yara baƙaƙe tara shiga wata makarantar sakandare a Little Rock. Armstrong ya fito fili ya zargi Shugaba Eisenhower da fuska biyu da rashin ƙarfin hali, ya kuma fasa zuwa Tarayyar Sobiyet da sunan gwamnati. Wasu gidajen rediyo sun daina sa faya-fayansa, hukumar binciken cikin gida ta FBI kuma tana riƙe da fayil a kansa. Duk da haka, shekaru uku bayan nan gwamnatin ta sake nemansa, domin ba ta da wata murya da ta kai tasa karɓuwa.

Rangadin ya fara a watan Oktoba 1960. Kamfanin Pepsi-Cola ne ya ɗauki nauyin zangon farko a Gana da Nijeriya, Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ɗauki saura. Ya iso Nijeriya 'yan makonni bayan bikin 'yancin kai na 1 ga Oktoba. Ya yi wasa a Legas, ya kuma zo Arewa, inda aka ɗauke shi hoto a Kaduna tare da Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Hoton ya haɗa mutum biyu da suka san ƙimar waƙa a siyasa, ko da yake ta fuskoki daban-daban. Sardauna ubangida ne da manyan makaɗa irin su Musa Ɗanƙwairo suka yi wa waƙa, baƙon nasa kuwa mawaƙi ne da wata gwamnati ta aiko ya wanke mata suna, alhali a garin haihuwarsa doka ta hana shi hawa dandamali tare da Turawan ƙungiyarsa.

Daga nan ya wuce Kwango. Ya isa Leopoldville, wato Kinshasa ta yau, ranar 28 ga Oktoba, aka ɗauke shi a kan karaga zuwa filin wasa. A lokacin Firayim Minista Patrice Lumumba yana tsare a gidansa, bayan juyin mulkin da Joseph Mobutu ya yi a watan Satumba. A watan Nuwamba Armstrong ya je Elisabethville, babban birnin lardin Katanga da ya ɓalle a ƙarƙashin Moise Tshombe, lardin da ke da ma'adinin yuraniyam na Shinkolobwe. Ranar 17 ga Janairu, 1961 aka kashe Lumumba a Katanga.

Abin da ke ƙarƙashin wannan tafiya ya fito sannu a hankali. A 1975 kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ƙarƙashin Sanata Frank Church ya tabbatar da cewa hukumar leƙen asiri ta CIA ta shirya kashe Lumumba da guba, har an kai gubar Kwango a watan Satumba 1960, ko da yake ba da ita aka kashe shi ba. A 2021 masaniyar tarihi Susan Williams ta fito da hoton Armstrong da matarsa Lucille suna cin abinci a Leopoldville tare da Larry Devlin, shugaban ofishin CIA a ƙasar, wanda ya fake da aikin jakadanci. A nazarinta, ziyarar mawaƙin ta ba jami'an Amurka hujjar shiga Katanga, wadda gwamnatinsu ba ta amince da ita a hukumance ba, kuma shi Armstrong bai san da wa yake zaune ba. An yi amfani da sunansa a matsayin labule. Rangadin ya ƙare da wani rashi: Velma Middleton, mawaƙiyar da ta yi kusan shekaru ashirin tare da shi, ta kamu da shanyewar jiki a Saliyo, ta mutu a Freetown a watan Fabrairu 1961.

5.0 Yadda Aka Zaɓe Shi a 1969

Kafin 1969 finafinan Bond sun riga sun kafa al'ada. Matt Monro ya rera waƙar fim na 1963, Shirley Bassey ta 1964, Tom Jones ta 1965, Nancy Sinatra ta 1967. John Barry, Bature ɗan Ingila wanda shi ma mabushin ƙaho ne a ƙuruciyarsa, shi ke tsara kiɗan finafinan. Zaɓen mawaƙi bai taɓa zama hukuncin mutum guda ba. A 1965, misali, Bassey da Dionne Warwick duk sun ɗauki wata waƙa da aka tanada, amma aka ajiye ta saboda masu rarraba fim sun nace sai sunan fim ya fito a cikin waƙa. Ke nan ƙa'idojin sun kasance uku: sunan fim a baki, murya mai ƙarfi, da mawaƙin da ke tashe a kasuwa.

Fim na shida, On Her Majesty's Secret Service, ya zo da matsaloli. Sean Connery ya bar matsayin Bond, aka ɗauko George Lazenby, ɗan Ostareliya da bai taɓa jagorantar fim ba. Sunan fim ɗin ya yi tsawo, ba ya shiga waƙa cikin sauƙi, don haka Barry ya buɗe shi da kiɗa zalla. Bugu da ƙari, labarin ya saɓa wa na baya: Bond ya kamu da son wata mace mai suna Tracy, wadda Diana Rigg ta fito a matsayinta, ya aure ta, aka harbe ta a mota jim kaɗan bayan ɗaurin aure. Fim ɗin yana buƙatar waƙar soyayya. Barry ya tsara kiɗanta, Hal David ya rubuta baitocin, aka sa mata suna We Have All the Time in the World, jimlar da aka ɗauko daga ƙarshen littafin Fleming na 1963. Ma'anarta ita ce masoyan suna da isasshen lokaci a gabansu, alhali mai kallo zai gane daga baya cewa ba su da shi.

A nan ne hikimar zaɓen take. Jimlar tana da harshen damo, kuma idan matashi mai ƙoshin lafiya ya rera ta, fuska ɗaya kawai za a ji. Barry ya nemi wanda zai iya ɗaukar fuskokin biyu, sai ya zaɓi Armstrong. Ta fuskar kasuwa zaɓen yana da madogara, domin a 1964 waƙarsa Hello, Dolly! ta ture ƙungiyar Beatles daga matsayi na ɗaya a Amurka yana da shekaru 62, a 1968 kuma What a Wonderful World ta hau matsayi na ɗaya a Ingila. Amma halin da yake ciki ya fi wannan nauyi. Tun 1959 ya sami bugun zuciya a Italiya. Daga ƙarshen 1968 zuwa 1969 ya yi ta kwanciya a asibitin Beth Israel na New York saboda ciwon zuciya da na ƙoda. A wannan asibitin ne Glaser ya mutu a watan Yuni 1969. Ke nan mutumin da ya shiga ɗakin ɗaukar sauti a New York a watan Oktoba dattijo ne mai shekaru 68, wanda ya rasa ubangidansa, likitoci kuma sun hana shi busa. Ya rera waƙar, amma ƙahon da ake ji a cikinta ba nasa ba ne.

An fara nuna fim ɗin a Landan ranar 18 ga Disamba, 1969. An sa waƙar a tsakiya, a kan hotunan zawarcin Bond da Tracy. Ba ta yi kasuwa a Ingila ko Amurka ba a lokacin. Sai a 1994, da wani kamfanin giya ya yi talla da ita, ta hau matsayi na uku a Ingila, shekaru 23 bayan mutuwar mai ita. A 2021 aka rufe fim ɗin No Time to Die da ita, wanda a cikinsa Bond kansa ya mutu.

Ya kamata a gyara wani kuskure da ya yaɗu, cewa wannan ce waƙarsa ta ƙarshe. A 1970 ya sake ɗaukar kundin waƙoƙi biyu, ya kuma koma busa kaɗan-kaɗan.

6.0 Ƙarshen Rayuwa

A watan Maris 1971 ya karɓi wasan mako biyu a otal ɗin Waldorf-Astoria na New York, duk da gargaɗin likitansa. Yana gamawa ya sake samun bugun zuciya. Ya mutu cikin barci ranar 6 ga Yuli, 1971 a gidansa na unguwar Corona, gidan da Lucille ta saya a 1943 a tsakiyar talakawa ma'aikata, wanda bai taɓa yarda ya bari ba. Ya bar ɗaruruwan kaset na hirarraki da ya ɗauka da kansa, da rubuce-rubuce masu yawa a kan rayuwarsa. Gidan ya zama gidan tarihi a 2003, filin jirgin saman New Orleans kuma yana ɗauke da sunansa tun 2001.

7.0 Kwatanci da Makaɗan Hausa

A tsarin Hausa na gargajiya, dangantakar makaɗi da ubangida a bayyane take. Ibrahim Narambaɗa ya san Sarkin Gobir na Isa yake yi wa waƙa, jama'a ma sun sani, kuma abin da kowane ɓangare ke bayarwa sananne ne: doki da riga da gona daga wannan, suna mai ɗorewa daga wancan. Mamman Shata, wanda bai ɗaure kansa da fada guda ba, ya ƙulla zumunci da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, waƙar da ya yi masa ta zagaye ƙasar Daura daga birni har garuruwan kan iyaka irin su Mai'aduwa, ta ƙetara Nijar. Da ya rasu a 1999, a Daura aka binne shi. Ubangidan da aka yi wa waƙa shi ne ya tsaya har kan kabari.

Tarihin Armstrong ya nuna nau'o'i uku na ubangidan zamani. Glaser ya yi kama da na gargajiya, domin kariya ce a madadin biyayya, kuma ta ɗore har mutuwa. Gwamnatin da ta aike shi Afirka ubangida ce mai ɓoyayyar manufa, wadda ta ari sunansa ba tare da ya san iyakar abin da za a yi da shi ba. Barry kuwa ya zaɓe shi domin aiki guda, bisa fahimtar abin da muryarsa za ta ƙara wa ma'anar baitoci. Waɗannan nau'o'i suna nan a ƙasar Hausa tun bayan fitowar Turmin Danya a 1990 da bunƙasar masana'antar fim ta Kano, inda mawaƙi kan rera waƙar da wani ya rubuta, jarumi ya motsa baki a kanta, ɗan siyasa ko kamfani ko hukuma ta biya kuɗin.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi rayuwar Louis Armstrong daga gidan horon yara a New Orleans zuwa ɗakin ɗaukar sauti a New York. An ga cewa a 1960 an zaɓe shi saboda sunansa da launin fatarsa, aka yi amfani da su wajen abin da bai sani ba. A 1969 kuma an zaɓe shi saboda tsufansa da rashin lafiyarsa sun ba baitocin ma'anar da ba a rubuta a cikinsu ba. Rabe-raben makaɗan Hausa da ake da su an gina su ne a kan ubangidan da ake ambata a cikin waƙa. Akwai buƙatar manazarta su faɗaɗa su, su haɗa da ubangidan da ba a ambata ba, wato wanda ya zaɓi mawaƙin, da dalilin zaɓensa, da kuma gwargwadon abin da mawaƙin ya sani game da aikin da aka sa shi.